Ƙusar Malam Rasaki

Duk wanda ya taɓa leƙa ofishinmu na raba irin auduga a Funtua, a shekarun da naira take sabuwa a hannun mutane, ya san yadda Malam Rasaki akawu yake fara aiki. Zai lashi yatsa, ya ƙirga farar takarda uku, ya sa kabon biyu a tsakani, ya bubbuga su a tebur har bakinsu ya daidaita, sannan ya zura a tafireta. Ko kalma biyu zai buga, sai uku-uku. Ta farko ta hanya ce, ni Sale masinja nake kai ta a babur. Ta biyu ta shiga fayil. Ta uku kuwa ya tsire ta a wata doguwar ƙusa da ya kafa a bango, kuma ba ta saukowa sai na kawo masa sa hannun wanda ya karɓa. Wadda ta riga hawa ƙusa ita ke riga fita.

Mahaifinsa Bayarabe ne mai sayar da kwanuka, amma shi a Funtua aka haife shi, Hausar bakinsa ta fi tawa kaifi. Ni mutum ne mai zuciya a kusa, shi kuwa ko gezau. Na yi faɗa da shi ya fi a ƙirga, ban taɓa cin nasara ko sau ɗaya ba.

Maganar kabon kuwa, kai, Allah ya jiƙan Malam Rasaki. Bai yarda kabon yana mutuwa ba. Idan ya dushe sai ya shanya shi a bakin taga, wai zafin rana yana farfaɗo da tawada. Wata rana na ɗaga wani sama, na ce masa ga shi ina hango masu sayar da rake a bakin titi ta cikinsa. Ya karɓa ya duba da kyau, ya ce, "Tsakiya ce ta ƙare, Sale. Gefe yana nan da ransa." Sati guda duk wasiƙun da na kai Kafur a gefen takarda aka buga su.

Da matarsa Iya Basiru ta haihu, ya buga takardar gayyatar suna. Tsakanin teburinsa da bencina taku uku ne. Ya miƙo mini takardar, na duba na ga sunana ne a kai, wato ni zan kai wa kaina. Na ce ai ga ni zaune, ya faɗa mini da baki mana. Ya turo biro, ya ce gobe sai in ce ban ji ba. Haka na sa hannu, ya tashi ya zare kwafin daga ƙusa, sannan ya yi mini murmushi ya ce in zo da wuri, akwai rago.

Shi ma manaja bai tsira ba. Sabon zuwa ne daga Kaduna, ya ba da wata wasiƙa ya ce a kai Malumfashi yanzu-yanzu. Malam Rasaki ya russuna cikin ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ta Kafur ta riga ta. Tana layi." Manaja ya yi ta bambami, har ya ce zai kai ƙararsa babban ofis a Kaduna. Malam Rasaki ya lashi yatsa, ya buga ƙarar uku-uku, ya tsire ta a bayan ta Malumfashi. Daga ranar, da manaja ya ji "tana layi" sai ya juya ya koma ofishinsa.

To ga wanda ya sa na zauna rubuta wannan. Wata damina, ana shirin shuka, masu gwajin iri suka gano cewa buhunan da aka kai sito na Maska sun sha laima, kusan duk irin ba ya tsirowa. Dole a sanar da mai sito kada ya raba. Maska garinmu ne, kuma mahaifina yana cikin masu jiran irin. In suka shuka shi, audugar bana ta tafi ke nan.

Na kama hanya da safe. Kafin in isa, rafin da ke gaban gari ya kawo, ruwa har cinya. Na tsaya ina kallon takalmina da babur ɗin ofis. Sai ga wani da na sani zai haye da jakinsa, na danƙa masa takardar na ce ya kai wa mai sito, na juyo abina. Na san doka sarai: masinjan da ya ba wani bare saƙo, kora ce.

Na dawo na ce na kai. Malam Rasaki ya miƙo hannu, ya ce, "Ina sa hannu?" Na ce mai sito ba shi da biro. Ya dube ni, bai ce ƙarya nake ba. Ya jawo fayil, ya sake buga saƙon uku, ya naɗe ta hanya a leda ya cusa a ƙarƙashin hula, ya ce in tayar da babur, da shi za a koma.

Mutumin da bai taɓa hawa babur ba a rayuwarsa! Ya riƙe ni tamau kamar zai karya mini haƙarƙari, yana ta hailala tun daga Funtua. Da muka zo rafin na ce mu jira ruwa ya ragu. Bai ko saurare ni ba, ya tattare wando, hannu ɗaya a kan hula, ya faɗa ruwa. Ɗan ƙaramin mutum ne, sai da ruwan ya kai masa ƙirji. Kunya ta sa na jingine babur na bi shi.

Muka isa bayan la'asar, muka tarar mai sito bai ga kowa ba, har ya buɗe ƙofa ya fara awo. Mahaifina ya riga ya ɗaure buhunsa a jaki. Aka karanta takarda, aka sauke buhuna. Malam Rasaki, yana ɗigar ruwa, ya zaro biro daga hula ya ce mai sito ya sa hannu. Mahaifina kuwa ya shiga nuna ni ga mutane, wai ɗansa ne ya ratsa ruwa ya ceci gari. Na dubi Malam Rasaki, ya kawar da kai yana matse rigarsa. Mai jakin nan sai bayan sati ya tuna, ya tarar an wanke takardar a aljihu.

Manaja ya ga saƙo ɗaya ya fita sau biyu, ya ce a rubuta wa babban ofis rahoton abin da ya faru. Malam Rasaki ba ya ƙarya. A gabana ya buga shi, da sunana da na mai jaki, bai rage komai ba. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, na koma gida ina jiran takardar kora. Sati ya wuce, wata ya wuce. Sau biyu na ji manaja ya tambayi Malam Rasaki labarin rahoton, shi kuwa ya ce, "Tana layi, ranka ya daɗe." Daga baya aka canja wa manaja wurin aiki, magana ta bi ruwa. Ni kuwa da rashin kunyata, na ɗauka da layi ya zo kanta a jakar gidan waya ya sa ta, ta ɓata a Kaduna, har ina tsokanarsa cewa ga tsarinsa ya zubar da takarda. Sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da bugu.

Bayan shekaru masu yawa Allah ya yi masa rasuwa. Ranar sadakar bakwai ɗinsa, bayan mutane sun ragu, Iya Basiru ta sa aka kira ni. Ta shigar da ni ɗakinsa, ta nuna mini bayan ƙofa. Wata ƙusa ce, abu ɗaya tal a jikinta. Rahoton nan ne, duka ukun a haɗe, kabon ɗin ma yana tsakaninsu, takardar ta yi ja don daɗewa. Ko fayil bai samu nasa ba. Mutumin da bai taɓa riƙe saƙon kowa ba, shi ya kafa wa nawa layi na daban a gidansa, ya bar shi nan har na yi ritaya.

Na kai hannu zan zare, ta tare ni. Ta miƙo mini wata 'yar takarda da biro, idonta ya cika, ta ce, "Malam Sale, cewa ya yi kada in ba ka sai ka sa hannu."

Na sa hannu, ina dariya hawaye yana zuba. Ya Allah, bawanka Rasaki ya rufa mini asiri bai taɓa gorantawa ba. Ka rufa masa nasa, ka haskaka makwancinsa, ka ba shi takardarsa a hannun dama. Amin.