Wata Tara a Kan Ruwa

Mutanen kamfanin motoci sun karɓe wa Mai Labule motarta, sun tura ta injin matse ƙarfe, suka miƙa mata takarda guda suka ce ta dawo bayan mako shida ta ɗauki sabuwa. Yau wata tara ke nan. Motar da suka matse ɗin tsohuwa ce, tana tari da safe, ƙofar baya sai an doke ta da gwiwa take rufuwa, amma ba ta taɓa barin mai ita a hanya ba.

Ana ce mata Mai Labule ne don shekara ashirin da biyu ke nan tana ɗinka labule tana kafawa a gidaje da ofisoshi. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tef ɗin awo kullum a wuya kamar sarƙa. Ita ke yanka, ita ke ɗinki, ita ke hawa tsani ta huda bango. Tuƙi ma sai da ta haura arba'in ta koya, ranar da wani ɗan tasi ya sauke mata sandunan labule a bakin titi ya ce za su yaga masa kujera. Mijinta kafinta ne, kuma Kafinta kowa ke kiransa, har ita. Ta hanyar aiki suka haɗu. Ya zo gyara ƙafar teburin keken ɗinkinta, aikin awa ɗaya, ya yi kwana uku yana zuwa yana cewa katakon bai zauna ba.

Shekara biyu da suka wuce ƙodarsa ta gaza. Tun daga nan rayuwar gidan ta koma kan kwana uku, Litinin da Laraba da Juma'a, ƙarfe bakwai na safe, a ɗakin wankin ƙoda na asibitin da ke can ɗaya ƙarshen gari. Inji takwas ne a ɗakin, masu jiran gurbi kuwa sun cika littafi. Dokar wurin a manne take a ƙofa: wanda ya makara da minti ashirin, a ɗora wani a injinsa. Wanda ya makara sau uku, ya rasa gurbinsa ya koma cikin masu jira.

Ba kwalliya ce ta kai ta kamfanin motocin nan ba. Tsohuwar tana shan mai kamar da gayya, hanyar asibiti kuma ba kusa ba. Sai ga sanarwa: kawo tsohuwarka mai hayaƙi, a rage maka farashin sabuwa mai haɗin mai da batir. Kafinta da kansa ya ce ta je. Ta wanke motar fes, ta kai musu, ta dawo gida a bas da tsaninta a kafaɗa.

Mako shida ya cika ta koma. Ofis ne na gilashi, sanyi kamar cikin firij, labulen tagarsu gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da yatsa biyu, abin da ke sosa mata ido duk zuwa. Yarinyar da ke kan kanta ta danna kwamfuta ta yi murmushi.

"Tana kan ruwa, Mama."

Mai Labule ta ji daɗin maganar. Ta ga jirgi a ranta, ta ga motarta a ciki an rufe ta da leda. Bayan mako biyu ta sake komawa, tana kan ruwa. Wata ya wuce, tana kan ruwa.

"Iyo take koya ne?" in ji Kafinta. "Ranar da ta iso ki fara buɗe but, kada kifi ya yi mana wari."

Yana dariya, amma shi ake fitarwa tun biyar da rabi a tsaya bakin titi. Bas biyu suke hawa. 'Yan tasi ta yi magana da sun kai biyar, kowa ya ce "ba komai, Mama, da asuba ina ƙofar gida," gari ya waye wayarsa a kashe. Zuwan ma da sauƙi a kan dawowa. In aka sauke shi daga inji laushi yake yi kamar tsumman da aka matse, ga jiri, ga amai. Ta sha riƙe masa leda a cikin bas mutane suna ja da baya suna toshe hanci. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaga ƙofar katako shi kaɗai! Ayyukan nesa duk ta sake su, don ba mai ɗaukar ta da tsani da injin huda bango.

Makara ta farko, ɗan tasi ne bai zo ba. Ta biyu, bas ce ta mutu a tsakiyar gada ana ruwan sama. Babbar nas ɗin ɗakin, mace mai kirki, ta ja ta gefe.

"Yaya, ni ba ni na kafa dokar ba. Saura ɗaya. Don Allah ki yi wani abu."

A makon ne Dogo ya kira ta. Dogo bakanike ne, shi ya yi shekara goma sha huɗu yana jinyar tsohuwar motar, kuma da ya ji an matse ta sai da ya yi wata bai amsa gaisuwar Mai Labule ba. Ya ce ta zo gareji ta ga wani abu.

Mota ce ruwan toka, irin mai haɗin nan, ta hannu, shekararta tara. Ta wani malamin makaranta ce da aka yi wa canjin wurin aiki, yana son ya sayar kafin Asabar. Mai Labule ta kwantar da kujerar baya ta zare tef daga wuya ta auna. Tsani zai shiga. Mutum ma zai miƙe ƙafa ya kwanta. Dogo ya tayar da motar, Mai Labule ba ta ji ƙarar komai ba.

"Ta tashi kuwa?"

"Ta tashi mana. Haka suke, kamar ɓarawo."

"To gaya mini gaskiya, Dogo. Ban da zaƙin baki."

Ya goge hannu a wando. "Inji, in kin kawo abin rantsuwa zan rantse. Ƙafafu, na shiga ƙasa na gani da idona. Amma babban batirin da ke ƙarƙashin kujerar nan, Anti, ba na rantsuwa a kansa. Zai iya kai ki shekara huɗu. Zai iya kai ki Laraba. In ya mutu kuma, canza shi kamar sake sayen motar ne."

Ta zauna a kan wata tsohuwar taya. Abin da ta tanada guda ɗaya ne, na cikon sabuwar mota, ba zai sayi biyu ba. In ta ba malamin, ranar da sabuwa ta iso ba ta da abin karɓarta, takardar kamfani kuwa ta ce wanda bai karɓa cikin mako guda ba ya rasa layinsa, tsohuwarsa kuma ta tafi a banza. In ta jira, saura makara ɗaya.

"Mu ga takardar tasu," in ji Dogo. Ya karanta da yatsa, ya juya bayanta, ya sake juyowa. "Ina lambar jikinta?"

"Wace lamba?"

"Kowace mota da lambarta a buge a ƙarfen jikinta tun daga masana'anta. Ga gidan lambar nan, fari fat. Motar da ke cikin jirgi ai an riga an ƙera ta, Anti. In an ƙera ta, tana da lamba. Wannan taki ko ƙusarta ba a ɗaura ba."

Daga garejin ofishin ta wuce, da baƙin mai a zaninta. Ta ajiye takardar a kan kanta ta ɗora yatsa a gidan da ba komai.

"'Yata, dubi idona. Wane ruwa motata take kai?"

Yarinyar ta waiga ƙofar manaja, ta rage murya. "Mama, mu nan duk wadda aka shigar da sunan mai ita a kwamfuta, kan ruwa muke cewa. Haka aka koya mana. In ta shiga jirgi da gaske, cewa muke an loda."

"An loda tawa?"

"Ba a loda ba."

Wata tara! Ashe kalma ce kawai ta cikin ofis, kamar yadda tela ke cewa saura maɓalli alhali bai yanka yadin ba. Mai Labule ta san irin wannan magana, sana'arta ce, amma ita ba ta taɓa karɓe labulen mutum na da ta ƙona ta bar shi da taga tsirara ba. Ta nemi ganin manaja aka ce yana taro. Ta fito da niyyar gobe ta kai wa malamin kuɗinsa.

A gida Kafinta ya ce, "Ki saya. In batirin ya mutu sai in fito in tura, dama likita ya ce in riƙa motsa jiki."

"Rufe mini baki. Kai da ba ka iya ɗaga buta."

"To kar ki saya."

"Ka tsaya a magana ɗaya mana!"

"Ke ce direba," ya ce, ya juya fuska bango. Ta ga yadda ƙafafunsa suka kumbura har silifas ya yi musu zane.

Washegari Juma'a, tana zaune a bencin asibiti, wayarta ta yi ƙara. Manajan ne da kansa, murya kamar zuma. Ya ji Mama ta zo ranta a ɓace. Ai da ta yi haƙuri, lambobin rukuninsu makon gobe za su fito, sunanta na sama-sama. Zai zama abin takaici mutum ya yi wata tara ya fita daga layi ana saura kwana bakwai. Ta ce ya rubuta mata. Ya ce haba Mama, tsakaninmu?

Ta san bai kamata ta yarda ba. Amma ta tuna "zai iya kai ki Laraba," ta tuna tsohuwarta da za ta tafi a banza, sai ta kira Dogo ta ce malamin ya ƙara mata mako guda. Malamin ya riga ya ɗaure kayansa. Ranar Asabar da hantsi wani mai shagon magani ya zo ya tafi da motar.

Ranar Litinin ɗan tasi ya zo a kan lokaci, abin mamaki. Sai dai wata babbar mota ta kife a mahaɗar hanya, ya ce shi ba zai zagaya ba, ya sauke su. Suka shiga ɗakin wankin bakwai da rabi ta gota. Wani dattijo na kwance a injin Kafinta, an riga an sa masa allura. Nas ɗin ba ta iya haɗa ido da su ba. Ta cire katinsa daga allon masu safe ta sa a cikin littafi, ta ce za a kira su duk ranar da wani bai zo ba, su bar waya a kunne.

Makon da manaja ya faɗa ya zo ya wuce. Ba lamba, kuma ya daina ɗaga waya. Kafinta yanzu sau biyu ake samun yi masa wankin a mako, wani makon sau ɗaya. A zaune yake barci don numfashi, barkwancin ma ya daina. Mai Labule tana ɗinki da waya a kan cinya.

Kai manaja, da iyayen gidanka da suka koya wa yarinyar mutane wannan kalma, da ku ake. Kun san ranar da kuka matse motar matar nan, don ku kuka sa hannu. To ku rubuta mata ranar da za ku ba ta tata, da lamba, da hatimi. In ba ku da ranar, ku faɗa da bakinku, ku fito da mota mai tafiya daga cikin waɗanda ke jere a harabarku ku ba ta ta riƙe. Sannan ɗayanku ya sa takalminsa ya bi ta asibiti, ya tsaya gaban nas ɗin nan ya faɗi wanda ya makarar da Kafinta, a mayar masa da gurbinsa.