Wasiƙar da Na Riƙe wa Yaya Tanimu

Shekara talatin da ɗaya ke nan da muka kai Yaya Tanimu makwancinsa a Tabanni. Ban yi niyyar rubuta komai ba bana, don na gaji da tuna baya. Sai makon jiya na ji a rediyo wai za a haɗe wasu kamfanonin jirgin sama, kuma an ce babu matuƙin da zai rasa aikinsa. Na kashe rediyon. Na taɓa jin wannan alkawarin tun ina budurwa.

Yayana yana cikin 'yan Arewa na farko da suka tuƙa jirgi bayan samun 'yancin kai. Ƙaramin kamfani yake yi wa aiki, mai kai fasinja da wasiƙu tsakanin garuruwanmu. In hanya ta biyo da shi ta saman dajin Birnin Gwari, sai ya ɗan karkata fiffike, matan ƙauye su saki taɓarya su ɗaga kai. Inna kuwa ba ta taɓa kallo ba, wai kunyar ɗan fari.

A daminar da Baba ya rasu aka haɗe kamfaninsu da wani babba na Legas, aka ce babu wanda zai rasa aikinsa. Yaya ya ɗauki hutu ya dawo gida, ya ce sai an yi sadakar arba'in zai koma, tunda shi ne babba. Mako biyu da rasuwar, direban babbar motar da ke zuwa daga Kaduna ya miƙo mini wasiƙa da sunansa. Na kai wa Baffa Audu, ƙanin mahaifinmu.

"Ajiye ta, Asabe," in ji shi. "Ba a kai wa mai makoki takardar aiki. Jirgin guduwa zai yi?"

Ni malamar firamare ce a lokacin, ina karanta Turanci sarai. Amma ƙanwa ba ta buɗe wasiƙar yayanta, ba ta kuma ja da baffanta. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na saka ta cikin kwanon da Inna ke ajiye daddawa, na rufe. Da aka watse daga arba'in na miƙa masa, na ce jiya ta iso.

Daga ƙungiyar matuƙa ta fito. Ashe a wannan sana'a shekarun da ka yi kana aiki su ne gatanka: su ke ba ka kujerar kyaftin, su ke tsare ka ranar rage ma'aikata, don daga ƙasa ake fara yanka. Ƙungiya ta sha fama kafin sabon kamfani ya yarda zai lissafa wa matuƙan ƙaramin kamfani shekarunsu, da sharaɗin kowa ya je da kansa ya sa hannu cikin mako uku. Wanda bai je ba, sabon shiga ne. Yaya ya karanta, ya ninke, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Ya tafi Legas, amma aikin gama ya gama. Ƙungiya ta ce ta yi iya yinta, kamfani ya ce shi takarda ya sani. Ya koma zama a gefen waɗanda shi ya koya wa saukar da jirgi. Shekara biyu aka yi, aka ce matuƙa sun yi yawa, sunansa kuwa na can gindin jeri. Ya dawo Tabanni ya ɗauki fartanya. In jirgi ya gifta yana gona, ba ya ɗaga kai, sai dai ka ga ya daina noman har ƙarar ta ɓace.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga zamanin yau. Yanzu saƙo na shigowa waya kafin ka ƙifta ido, ko kana bakin kabari. Amma dajin da yake hange daga sama ya zama wurin da ake shiga da addu'a, kuma har gobe in manya suka haɗa kai a ofis, na ƙasa ne ke kwana da fargaba. Ina jin murmushi kawai zai yi, irin nasa mai ban haushi.

Sai da ya kwanta ciwon ajali na iya faɗa masa gaskiya. Na durƙusa na ce, "Yaya, wasiƙar nan ta yi kusan wata guda a hannuna. Ka yafe mini."

"Na sani, Asabe," ya ce. "Wasiƙar da ta iso daga Legas jiya ba ta warin daddawa."

Shekara ashirin da 'yan kai ya riƙe wannan a cikinsa, yana cin tuwon da na tuƙa, yana ɗaukar 'ya'yana, bai taɓa canja mini fuska ba. Kamfanonin biyu duk sun mutu, hularsa ta kyaftin asu ya cinye. Abin da ya rage shi ne wannan shirun nasa, wanda har yau ya fi mini faɗa nauyi. Allah ya jiƙansa. Ni kuwa tun daga ranar saƙon wani bai ƙara kwana a hannuna ba. Ko gidan makoki ne ina shiga in miƙa, a ce tsohuwar nan ba ta da ta ido.