Shayin da Mok Mai Awara Ya Ƙi Sha

Shekara arba'in Mok Wing-cheong yana sayar da awara a bakin kasuwarmu ta Toishan, kuma ban taɓa ganinsa riƙe da littafi ba. Saboda haka na yi mamaki ranar da ya zo gidana, yana da shekara saba'in da uku, ya ce in koya masa Turanci. Na daɗe da ajiye aikin koyarwa, amma na ba shi kujera.

Kowa a layinmu ya san dalili. 'Yarsa tilo, Sau-lan, ta auri wani Bature ɗan Kanada mai suna Gordon. Ranar biki ango da amarya suka durƙusa a gabansa, kowannensu da kofin shayi a hannu biyu. Idan uba ya sha, ya karɓi auren ke nan. Mok ya dubi kofin Gordon, ya tashi ya fita. Shekara goma sha ɗaya Sau-lan ba ta taka gida ba. Yanzu ta aiko cewa za su zo sharar kabarin mahaifiyarta, shi kuwa yana son ya ce wa surukinsa da bakinsa ya sake miƙo kofin.

Muka fara da kalmar "cup". Na bayyana masa cewa ita ce abin shan shayi, ita ce ma'aunin gari a girkinsu, ita ce kuma abin da ake ba waɗanda suka ci gasar ƙwallo.

"Tsoho Tse, guda ɗaya na zo nema," in ji shi. "Sauran ka ajiye wa masu haƙora."

Wata biyar yana maimaita jimla ɗaya, har masu sayen awara suna tsokanarsa wai ya fara hira da wake.

Da Sau-lan da mijinta suka iso, Mok ya sa na zauna kusa da shi. Ya faɗi jimlar daidai, babu tuntuɓe. Gordon ya yi dariyar jin daɗi, ya zuba shayi, ya miƙa masa da hannu ɗaya. Sannan ya tambayi matarsa wane kofi ake nufi.

Sau-lan tana tsaye a bakin ƙofa.

"Baba, ka wahalar da kanka a banza," ta ce. "Shi bai taɓa sanin abin da ka yi ba, ce masa na yi ciwon ciki ne ya tashe ka. Ni ce na ci gaba da durƙuso har shayin ya huce a hannuna, dangi suna kallo. Ni kuwa ai ina jin yarenmu."

Kwana huɗu suka yi. Sau-lan ta dafa wa mahaifinta abinci, ta wanke masa kaya, ta share kabari, amma ba ta taɓa butar shayi ba. Gordon ne yake zubawa, yana yaba Turancin surukinsa.

Bayan sun tafi Mok ya dawo wurina, ya ce in taimake shi ya rubuta mata wasiƙa. Ya rubuta sunanta a sama, muka zauna har la'asar ba mu ƙara komai ba. Sai da muka yi mako uku kafin ta cika shafi. Ya aika a watan biyar. Kullum da safe yakan bar awararsa ya tare mai kawo wasiƙu a bakin layi.