Zakaran Ƙasar Auduga

Waɗanda ke bakin wuta a gidanmu na Karare ran nan su ne Iya, kakarmu ta wajen uba, da Baba, da Baffa Sale mai yi wa wani Bature kuku a Katsina, da Inna Hajo ƙanwar mahaifiyarmu, da ni, sai ƙanena Audu yana barci a kan ƙafafun Baba. Mahaifiyarmu ta rasu da kaka, Audu bai daɗe da yaye ba. Inna Hajo ta zo daga Wagini ne don ta tafi da shi da safe. Baba bai so ba, amma gari ya sa shi gaba da dariya tun da aka gan shi da goyo a hanyar gona. Magana ta rage ga Iya.

Baffa ya fiddo littafin hotuna da 'ya'yan Bature suka yar. Wasu tsuntsaye ne tsaye kamar sahun salla, baƙin baya, farin ƙirji, ƙasarsu fara fat. Ya ce sunansu fengwin, farin kuwa ƙanƙara ce.

"Ƙanƙarar gidanku," in ji Iya. "Auduga ce. Wannan kazar mai ƙwai a kan ƙafa fa, ba ta da akurki ne?"

"Iya, zakaran ne," in ji Baffa. "Macen ta tafi ruwa neman abinci."

Iya ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "To, ga ta nan gare ku." Muka ce ta iso.

Wai a ƙasar auduga, matar wani tsuntsu ta tafi kogi ta bar masa ƙwai. Ƙasa sanyi, ba wurin ajiyewa, sai ya ɗora a ƙafa. Sauran tsuntsaye suka tashi neman rana suna masa shewa, wai namiji da kwanci. Yana nan tsaye har fukafukansa suka ƙanƙance. Bai ƙara tashi ba, amma ƙwai ya ƙyanƙyashe.

"Tashi ya rasa, ɗa ya samu," in ji Iya. "Wa ya yi asara? Ƙurungus."

Inna Hajo ta dubi ƙafafun Baba, ta share ido da gefen mayafi.

Ni ban yi boko ba, amma na gane ba don mu yara aka yi tatsuniyar nan ba. Shi ya sa har yau ba a yi wa namiji mai goyo dariya a gabana.

Da safe Iya ta ƙulla wa Inna Hajo gyaɗa ta hanya. Sannan ta ɗauko zanen goyon mahaifiyarmu, ta ce wa Baba, "Duƙa in koya maka. Wannan ɗaurin naka ko buhu sai ya faɗi."