Kwalbar da Muka Binne a Gindin Zogale

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Yaya Hamisu makwancinsa a Tiga. Ni nake bi masa. A duk shekarun nan akwai maganar da nake haɗiyewa in an ambaci sunansa, bana dai na gaji da haɗiya.

Yaya masunci ne, ni kuwa malamin firamare a Kiru, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba, sai Ɗan Boko. In na zo hutu yakan sa ni a kwale-kwale, mu kai tsakiyar dam ya riƙa girgiza shi da gangan, wai zai ga ko Turanci na hana nitsewa.

Abin ya faro daga ƙayar kurungu da ta soke shi a gwiwa yana ciro kifi daga raga. Cikin kwana huɗu gwiwar ta kumbura suntum, ta ɗau zafi, ko mayafi ba ya so ya taɓa ta. Wanzami ya yi ƙaho, ba ta saɓe ba. Da na kai shi asibiti, likita ya sa allura ya zuƙo wani ruwa mai kauri, gurɓatacce, ya ɗura a 'yar kwalba. Ya ce ba su da kayan gwada shi, in kai Kano a ranar. A can ne za a gane ko cuta ce ta shiga gaɓar, da maganin da zai kashe ta. Ya ba mu abin da za a fara sha, ya ce mu dawo masa da takardar sakamako.

Na biya gida in ajiye Yaya in wuce, sai Inna, mahaifiyarmu, ta ga kwalbar a hannuna. Inna mace ce da ba ta barin gashi ko farce a ƙasa. Duk wanda aka yi wa aski a gidan, sai ta tattara ta binne, kada ya faɗa hannun mugu. Da ma ta riga ta sa a ranta cewa hannu aka sa wa ɗanta.

"Gashinsa ma ban taɓa bari a waje ba," in ji ta, "sai ruwan jikinsa ne za ka kai wa wanda ban sani ba?"

Na daɗe ina gaya wa kaina biyayya na yi. Ƙarya ne. Da bokon nawa da komai, ni ma tsoron ya shige ni. Da hannuna na haƙa ramin a gindin zogalen da ke bayan ɗakinta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayarsa. Kullum na shiga gaishe shi sai ya ɗago kai ya ce, "Ɗan Boko, takardar ta fito?" Ni kuma in ce ai ya san aikin birni, sai a hankali. Ya gyaɗa kai, don bai taɓa zaton zan yi masa ƙarya ba. Kunya ta hana ni komawa wurin likita, me zan ce masa? Magani ya ƙare, zazzaɓi ya taso. Sa'ad da muka kwashe shi zuwa Kano, aka ce cutar ta riga ta shiga jini. Kwanansa uku a can.

Na san ajali ne, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma wallahi sanin haka bai taɓa sauke mini nauyin ba. Inna ma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta tayar da zancen ba, sai dai tun daga ranar ba ta sake tsinkar ganyen zogalen nan ta sa a miya ba.

Nakan ce, da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? 'Yarsa Bilkisu, da ya bari tana shekara tara, yanzu a ɗakin gwaje-gwajen asibiti take aiki, irin waɗannan kwalabe take buɗewa kullum. Na tabbata dariya zai yi, ya ce an gama da shi, 'yan boko sun zama biyu a gida. Ita ta bayyana mini cewa a yini guda ana iya ganin alamar cuta a ruwan gwiwa, bayan kwana biyu ko uku a san maganinta. Tana faɗa ina sunkuyar da kai.

Da daminar bana tawa gwiwar ta kumbura. Bilkisu ta matsa sai da aka zuƙi ruwan a asibitinsu. Ta miƙo hannu ta ce in kawo ta kai da kanta, sai na ji na kasa sakin kwalbar. A kan bencin jira na asibitin na gaya mata komai, har ramin. Da na gama, ta tambaye ni ko babanta yana tambayar takardar. Na ce kullum. Ta zare kwalbar daga hannuna ta shige ciki.

Kwale-kwalensa ya ruɓe, ragarsa mun bayar, ko hotonsa mai kyau ba mu da shi. Na ɗauka abin da ya rage mini na Yaya tambayar nan ce kawai, sai a ranar na ga ya bar abin da ya fi ta. Da la'asar Bilkisu ta fito, idanunta jajur, ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu. Ciwon nawa mai sauƙi ne, na magani.

"Baffa, ga takardar," ta ce. "Ta fito."

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ka yafe mini.