Dalar Gyadar Da Ban Gani Ba

Har yau ban huce da maganar tafiyar Kano ba.

Kafin babban farin shekarun 1970, ni na tara abokaina a Gagarawa, na ce mu je mu ga dalar gyada, inda guminmu ke ƙarewa. Muka sa Asabar. Na ɗinka sabuwar riga, na iso tashar jirgi, aka ce sun tafi tun Alhamis.

Jiya na tare Sale da maganar, shi kaɗai ya rage cikinsu.

Ya ce min, "Haba Idi, ba ka je daga baya ba?"

"Na je. Fili na tarar, ko buhu ɗaya babu."

Ya sunkuyar da kai.

Jama'a, ku taya ni tambayarsa kafin ƙasa ta rufe ɗayanmu: wa ya sauya ranar?