Munduwar Delmar a kan ƙusa

Delmar Hrycan ya shekara arba'in yana noman alkama a Saskatchewan ta ƙasar Kanada, asma kuma ta fi haka tana cin sa. Ƙato ne, amma matakala uku in ya hau sai ka ji ƙirjinsa yana fito kamar butar shayi. Taurin kai kuwa, ba a magana.

Shekaru tara da suka wuce aka yi masa allurar sitiroyid, wadda ake yi wa masu asma in ciwon ya ƙi lafawa. Kowa buɗe masa ƙirji take yi, shi sai ta rufe masa maƙogwaro. Da ƙyar aka ƙwato shi. Likita ta ba shi munduwar ƙarfe mai sunan allurar a jiki, ta ce ko wanka kada ya cire.

Sai dai a garin nan babu mai kusantar injin ɗaga hatsi da zobe ko agogo, tun ranar da ya cinye hannun wani maƙwabci. Don haka in girbi ya zo, Delmar yakan rataye munduwar a ƙusar ƙofar rumbu.

"Tsoho, ƙusar ce mai asmar?" in ji matarsa Verna.

"Sarkin mita, kin fi son miji mai hannu ɗaya ke nan?"

"Na fi son mai numfashi."

Wata Talata da tsakar rana ta kawo masa abinci, ta tarar injin yana ta juyi shi kaɗai, abin shaƙar maganin asmarsa yashe a ƙasa. Direban da ke kwasar hatsi, baƙo ne, ya bar takarda: ya kai Delmar asibitin hanyar gabas, inda ba wanda ya san shi. Ta waiga. Munduwar tana nan kan ƙusa, iska na kaɗa ta.

Ta kira asibitin.

"An yi masa allurar farko, Madam," in ji nas ɗin da ke kula da shi. "Numfashin ƙara toshewa yake, yanzu za a ƙara masa."

"Kada ku kuskura! Allurar ce ke shaƙe shi, ba asmar ba! Duba wuyansa, bai yi ja ba?"

Sai ƙarar takalma a guje.

Kwana shida ya yi ya dawo, murya a dishe, wando na zame masa. Guduma Verna ta ɗauka, ta je ta zare ƙusar nan ta jefa a shara.

Bana alkama ta yi kyau, an shiga girbi. Jiya da safe Verna ta wuce ta ƙofar rumbu, ta ga sabuwar ƙusa tana ƙyalli.